Mako biyu ina sauraron faya-fayen John Lomax na 1939

Wani abokina malamin makaranta ne ya turo mini adireshin, ya ce tunda ina son waƙoƙin gargajiya in leƙa. Taskar sauti ce da Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa a intanet kyauta, ta tafiyar da John Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya, da matarsa Ruby suka yi a kudancin ƙasar a 1939. Daga 31 ga Maris zuwa 14 ga Yuni suka ci mil 6,502 a mota, na'urar ɗaukar murya na biye da su, suka naɗo waƙoƙi kusan 700 daga bakin mutum sama da 300. Dattijon yana da shekara 71 a lokacin.

Ranar farko ban ji daɗi ba. Faifan na ta shuu kamar yayyafi a kan kwano, wata waƙar kuma tana tsaka da daɗi sai ta yanke. Sai da na bari dare ya yi, kowa ya kwanta, na sa abin kunne, sannan muryoyin suka fito sarai.

Akwai waƙoƙin coci, da na wasan yara, da na reno, har da na Sifaniyanci daga Texas. Amma inda na daɗe shi ne na gidajen yari, musamman gonar fursuna ta Parchman a Mississippi. Lomax ya yi ta bin irin waɗannan wurare don yana ganin can ne rediyo bai gurɓata tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen fata ba. Mutum ɗaya ya ba da waƙa, sauran su amsa, kana jin daidai gaɓar da gatari zai sauka a kan itace. Ban fahimci rabin kalmomin ba, amma jikina ya gane kiɗan, don haka matan gidanmu ke yi in an haɗu a kan turmi.

Abin da ya ƙara kama ni shi ne rubutun Ruby. Ta rubuta sunan mawaƙi, da garinsu, da ranar da aka ɗauka. Ta haka na san Vera Hall ta Livingston a Alabama, wadda na maimaita muryarta har batirin wayata ya mutu.

Wani abu dai ya tsaya mini a rai. Fursunan da aka kira gaban baƙo, gandiroba na tsaye, anya yana da ikon cewa a'a? Mawaƙi Lead Belly ma, da Lomax ya fara naɗa yana fursuna a kurkukun Angola da ke jihar Louisiana a 1933, ya zama direbansa bayan an sake shi, suka rabu a 1935 kan maganar kuɗi. Da wannan a zuciyata nake sauraro yanzu.

In za ka gwada, ka fara da Parchman, ka buɗe takardun Ruby a gefe kana bi.