Shekara guda da injin Subaru a motar zangona

Motata Volkswagen T3 ce, irin wadda kamfanin Westfalia ya yi wa gado da murhu da rufin da ake ɗagawa idan an yada zango. An ƙera irinta a Turai daga 1979 zuwa 1992, kuma injinta a baya yake, ƙarƙashin shimfiɗa. Tawa ta zo da inji mai lita 2.1, ƙarfin doki 95. Da tsufa ya cim masa, sai na bi sahun masu irin wannan mota da yawa, na sa aka ɗora mata injin Subaru EJ25 mai lita 2.5. Dalilin zaɓarsa a fili yake: shi ma silindojinsa huɗu a kwance suke, biyu na kallon biyu, don haka ya zauna a gurbin tsohon ba tare da an taɓa gado ba.

Ta fuskar ƙarfi ba ni da ƙorafi ko kaɗan. Tudun da a da sai na sauko giya ta uku motar tana nishi, yanzu a ta huɗu nake haye shi. Da sanyin asuba ma, bugu ɗaya take tashi.

Shan mai ne ya ba ni kunya. Bakaniken da ya yi aikin ya ce zan manta hanyar gidan mai, ni kuma na riga na yi ta cika baki a gaban abokai. Ga yadda nake gwadawa: in cika tanki fal, in rubuta kilomita, in yi tafiya, in sake cikawa, in raba. Tankin lita 60 ne, ba ya wuyar lissafi. Da tsohon inji ina ƙona kusan lita 13 a kilomita 100. Da sabon, watannin farko, sai na ga lissafin bai motsa ba. Har wani tankin ya fi na da ci.

Na daɗe ina zargin injin kafin in gane laifin ƙafata ne. Mutumin da ya shekara goma yana rarrafe, ranar da ya samu ƙafa ai gudu zai yi. Da tsohon inji ba na wuce gudun kilomita 90 a awa, ba don haƙuri ba, don iyakarsa ke nan. Da sabon sai in tsinci kaina a 115 ban sani ba. Ita kuwa wannan mota akwati ce, gabanta a miƙe kamar bango, kuma turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu. Inji sabo ba ya sauya siffar akwati, ba ya rage nauyin tankin ruwa da tukunyar gas da kayan kwana.

Sai kuma giyabos. Na bar tsohon mai giya huɗu a jikinta, wanda aka yi wa inji mai ƙaramin ƙarfi, shi ya sa a babbar hanya sabon injin yake ta juyi da sauri ba gaira ba dalili. Daga baya na sa tayoyi masu ɗan girma, juyin ya ragu. Amma a kula: babbar taya tana sa mitar kilomita ta ƙirga ƙasa da tafiyar da aka yi, sai mutum ya ɗauka motarsa ta ƙara ci. Sai da na gwada da GPS na waya sannan lissafina ya daidaita.

Yanzu idan na riƙe ta a 90 zuwa 95, lita 11 ke kai ni kilomita 100. Ragi ne, amma ba wanda zai biya kuɗin aikin nan kusa ba.

Wanda tsimin mai ne kawai a gabansa, injin dizal na Volkswagen mai lita 1.9 da ake kira TDI ya fi dacewa da shi, sai dai ya shirya wa gyaran giyabos, domin dizal ba ya son juyi mai yawa, kuma ya shirya wa rugugi a ƙarƙashin gadonsa. Ni dai da za a koma baya, Subarun zan sake ɗauka, amma da giyabos zan fara.