Amyar gargajiya, akwatin Kenya ko Langstroth: wanne ya dace da ƙaramar gona?

Kafin ka ba kafinta ko mai shago kuɗinka, ka fara sanin yadda ƙudan zuma ke tsara gidansu, domin a nan ne bambancin amya da amya yake. Sarauniya ɗaya ce a gida, aikinta zuba ƙwai, kuma idan abinci ya wadata tana iya zuba fiye da 1,000 a rana. Ƙwai da 'ya'ya suna cikin saƙar da ke kusa da ƙofa, zuma kuwa ana tara ta can ciki ko daga sama. Amya mai kyau ita ce wadda za ta ba ka damar ɗibar zuma ba tare da ka taɓa wurin 'ya'yan ba.

Amyar gargajiya, wadda ake saƙawa da ciyawa a shafe da kashin shanu, ko a yi da tukunya ko kututture a ɗora kan ɗorawa ko kaɗanya, ba ta da tsada ko kaɗan, kuma ƙudan suna saurin shigarta. Matsalarta ranar ɗiba ce. Ana hawa da dare da wutar kara, a kwaso saƙa duka, da mai zuma da mai 'ya'ya, ƙudan da yawa su ƙone, sauran su yi ƙaura. Zumar takan fito da ƙaurin hayaƙi, ga ruwan 'ya'yan da aka matse a ciki, wanda ke sa ta saurin tsami. Wanda ya gaji sana'ar yana iya ci gaba da ita, amma ban ga dalilin da sabon shiga zai fara daga nan ba, sai dai ya rataya guda biyu don kama ƙudan da zai mayar cikin akwati.

Akwatin Langstroth shi ne wanda masu shago suka fi yabo. Wani Ba'amurke, Lorenzo Langstroth, ya yi masa rajista a 1852, bayan ya lura cewa idan aka bar tazarar milimita 6 zuwa 9 tsakanin katako da katako, ƙudan ba sa toshe ta, ba sa kuma gina saƙa a ciki. Akwatuna ne ake ɗorawa kan juna, 'ya'ya a ƙasa, zuma a sama, kowace saƙa a cikin firam ɗinta, wato zagayen katako mai waya. Ana sa firam a injin tacewa, zuma ta fita, a mayar da saƙar lafiyarta lau su sake cikawa. Shi ya sa ya fi ba da zuma, tunda gina saƙa yana cin zuma mai yawa. Sai dai kuɗin akwatin somin taɓi ne: akwai injin, akwai faifan kakin da ake liƙawa a firam, akwai ragar da ke hana sarauniya hawa wurin zuma. Kuma idan kafinta ya kuskure awo ko da kaɗan ne, ƙudan za su haɗe firam ɗin wuri guda, ka ga ka sayi amyar gargajiya da kuɗin zamani. In ba amya da yawa za ka ajiye ba, ko kuna da ƙungiyar da za ku yi karo-karo ku sayi inji, ka dakata tukuna.

Wanda nake ba mai ƙaramar gona shawara a kai shi ne akwatin Kenya, wanda aka inganta a farkon shekarun 1970 tare da masana na Jami'ar Guelph ta Kanada. Doguwar akwati ce mai faɗin baki da tsukakken gindi, an jera sanduna wajen 27 zuwa 30 a samanta, ƙudan su gina saƙa ɗaya a ƙarƙashin kowace sanda. Ranar ɗiba za ka busa hayaƙi kaɗan, ka fara daga baya, ka ɗaga sanda. Idan saƙar ta rufe da farin kaki, zuma ta nuna, sai ka yanke ta cikin bokiti mai murfi, ka bar ɗan kaki a jikin sandar. Da zarar ka iso saƙa mai duhu da 'ya'ya a ciki, ka tsaya. Tunda sandunan a matse suke, ɗan wuri kaɗan kake buɗewa, kuma wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai hulɗa da ƙudanmu na Afirka masu zafin rai. Zumar akwatin Kenya ba ta kai ta Langstroth yawa ba, amma za ka samu kaki, shi ma kuɗi ne. Sabuwar saƙa ba ta da ƙwari, musamman da zafin bazara, don haka kada ka kwantar da sanda a hannunka, a tsaye ake riƙe ta.

Ranar sayayya ka tafi da abin awo. Faɗin kowace sanda ya zama milimita 32, shi ne daidai da ƙudanmu. Littattafan Turai suna cewa 35, wannan na ƙudansu ne. Idan faɗin ya saɓa, za su gina saƙa a gicciye, sanda uku su manne. Ka tabbata katakon busasshe ne, ba a shafa masa maganin gara ba, ba a yi fenti a ciki ba, domin wari kaɗai ya isa ya hana su shiga. Ka ɗaga akwatin ka duba ta wajen rana, duk inda haske ya ratso tururuwa ma za ta bi. Murfin kwano yana bukatar katako ko ciyawa a ƙarƙashinsa saboda zafi.

Kada kuɗinka su ƙare a kan akwati. Ka ware na tulun hayaƙi, da rigar kariya mai raga, da safar hannu, da ɗan kaki na shafa wa sanduna don jawo ƙudan. Ka ajiye akwatin a inuwa, nesa da hanya da turken dabbobi, a rataye da waya ko a kan ƙafafun da aka shafa wa baƙin mai saboda kwarkwasa. Da rani ka sa musu ruwa a kusa, da 'yan tsakuwa a ciki don kada su nutse, domin ƙishirwa na cikin abubuwan da ke sa su tashi su bar maka akwati fayau.