Sharhi kan inshorar lafiya ta NHIA: abin dubawa kafin a zaɓi asibiti

Shirin nan ya fara aiki a 2005 da sunan NHIS, sai dokar 2022 ta mayar da shi NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, ta kuma wajabta inshorar lafiya kan kowane ɗan Najeriya. Katin ma'aikaci yana ɗaukar shi kansa, da matarsa ɗaya, da 'ya'yan cikinsa huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Mai mata biyu ko 'ya'ya bakwai sai ya biya ƙarin kuɗi kan sauran, kuma a gidajenmu na Arewa wannan ba ƙaramin giɓi ba ne.

A ƙananan cututtuka shirin ya ci kuɗinsa. Zazzaɓin cizon sauro, awon ciki, haihuwa, duba hawan jini da suga, duk ana ganin likita ba a biya ko sisi ba. Kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani kawai ake karɓa.

A ɗakin magani ake fara jin jiki. Kowane wata ana biyan asibitin da mutum ya zaɓa ƙayyadadden kuɗi a kansa, ya zo ko bai zo ba. An daɗe ana biyan naira 750, kafin a riƙa ɗagawa har ya kai 1,450 a 2025. Idan farashin magani ya tashi kuɗin kuma yana nan yadda yake, ko kamfanin HMO (mai shiga tsakanin hukumar da asibiti wajen biyan kuɗi) ya jinkirta biya, sai a ji "ya ƙare, je ka saya a waje". Wanda ya saya a kemis kuwa da wuya kuɗinsa ya dawo. Kuma maganin da ke cikin jerin hukumar ake bayarwa, ba lallai na kamfanin da mutum ya saba da shi ba.

Cikas na biyu lambar izini ce. Tiyata, ganin ƙwararren likita ko babban gwaji, duk sai asibiti ya nemi lamba daga HMO. Tun 2025 hukumar ta ce a bayar cikin awa ɗaya, amma jinkirin sau da yawa daga teburin inshora na asibitin yake, inda takarda ke kwana ba a tura ba. A tambayi lokacin da aka tura, a kira HMO kai tsaye da lambar kati a hannu. Hoton CT da MRI kuwa rabin kuɗi ake biya wa mutum.

Shi ya sa zaɓen asibiti ya fi komai. Babban asibitin koyarwa yana da ƙwararru, amma layinsa kan cinye yini guda kan mura. Matsakaicin asibiti kusa da gida, mai ɗakin gwaji da ɗakin magani nasa, wanda ke aiki da dare, ya fi dacewa da mai iyali. A leƙa teburin inshorarsu ranar Litinin da safe kafin a cike fom, domin sauya asibiti sai bayan wata shida.