Tini: ɗan ƙaramin shirin da ke sa kwantenar Docker ta ji kira

Duk mai kula da saba (server) da Docker, manhajar da ke gudanar da shirye-shirye a keɓaɓɓun akwatuna da ake kira kwantena, ya san wannan alamar: ka buga `docker stop`, allo ya yi tsit daƙiƙa 10 cif, sannan kwantenar ta faɗi da lambar fita 137. Wannan 137 ɗin 128 ne aka ƙara wa 9, watau SIGKILL, siginar kisan dole mai lamba 9, ce ta sare ta, ba rufewa ta yi da kanta ba. Docker ya fara aika SIGTERM, siginar neman shiri ya rufe da kansa, lamba 15, ya jira, ba a kula shi ba. Rubutun da bai kai faifai ba da buƙatun da ke tsakiyar hanya duk sun salwanta ke nan.

Laifin na kujerar da shirin ya hau ne. A cikin kwantena, shirin da aka fara tayarwa shi ke ɗaukar PID 1, watau lambar aiki ta farko, kuma Linux na yi wa PID 1 wani gata: duk siginar da bai tanadar mata mai karɓa ba, ba za ta taɓa shi ba, in ban da irin SIGKILL da aka aiko daga wajen kwantenar. Shirin Python da a waje SIGTERM ke tsayar da shi nan take, da zarar ya zama PID 1 sai ya kurumce. Wannan kujera kuma tana da nauyin riƙon marayu. Idan uwar wani aiki ta mutu ta bar 'ya'ya, hannun PID 1 suke komawa, kuma idan sun gama shi ne zai kira `wait()` ya kwashe su. In bai yi ba, sai su yi ta taruwa a `ps` da harafin Z (zombie, aikin da ya mutu ba a kwashe shi ba), kowanne riƙe da lambarsa, har wata rana `fork()`, kiran da ke haifar da sabon aiki, ya ƙi aiki.

Waɗannan ayyuka biyu kaɗai Tini ke yi, kuma yana yinsu da kyau. Da harshen C aka rubuta shi, lasisinsa MIT. Yana zama PID 1, ya tayar da shirinka a matsayin ɗansa, ya tare siginoni, ya zauna yana jiransu da `sigtimedwait()`. Wadda ta zo ya miƙa wa ɗan, sannan ya zagaya da `waitpid()` ya kwashe duk wanda ya mutu. Idan ɗan ya fita, shi ma ya fita da lambar ɗan. Sake gwadawa bayan ka saka shi, za ka ga kwantenar ta tsaya kafin ka ɗaga yatsa, da lamba 143, watau 128 da 15 na SIGTERM.

Saka shi ba wuya. Tun Docker 1.13 na shekarar 2017 yana ciki, `docker run --init` ya wadatar, a Compose kuma `init: true`. Kubernetes, tsarin sarrafa kwantenoni masu yawa, ba shi da wannan zaɓi, dole a sa Tini cikin hoton (image) da ake tayar da kwantenar daga gare shi: `apk add tini` a Alpine, sai `ENTRYPOINT ["/sbin/tini", "--"]`. A Debian yana `/usr/bin/tini`. Hoton da ba shi da glibc sai a ɗauko masa `tini-static`.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne su ɗauka Tini ya gama komai. Ɗa ɗaya kawai yake miƙa wa sigina. Idan ɗan nan `sh -c` ne, ko wani `start.sh` da ya tayar da shirin ba tare da `exec` ba, siginar a kan harsashin (shell, shirin da ke karanta umarnin) za ta sauka. Harsashin ya mutu, Tini ya bi shi, Linux ya kashe sauran da SIGKILL. Kwantenar ta tsaya da sauri, ka ɗauka an warke, alhali shirinka ko SIGTERM ɗin bai gani ba. Wannan ya fi jiran daƙiƙa 10 haɗari, domin ba ya nuna kansa. Maganinsa a ƙare rubutun da `exec "$@"`, ko a ba Tini `-g` ya watsa wa rukunin gaba ɗaya. Idan kuma ba shi ne PID 1 ba, misali an yi amfani da `--pid=host`, marayu ba za su zo hannunsa ba sai an ƙara `-s`, wanda ke buƙatar Linux 3.4 zuwa sama. Zaɓin `-e 143` yana mayar da 143 ya zama 0, don kada na'urar sa ido ta riƙa ƙararrawa a kan rufewar da aka yi da gangan.

Babban giɓinsa a wurina shi ne ba ya canza sigina. nginx, shirin sabar yanar gizo, da SIGQUIT (lamba 3) yake rufewa a natse, SIGTERM kuwa yanke haɗi yake yi da gaggawa. Rumbun bayanai na PostgreSQL idan ya ga SIGTERM jira yake kowa ya fita, abin da kan cinye daƙiƙa 10 ɗin nan, SIGINT ce ke rufe shi da sauri cikin tsabta. dumb-init na kamfanin Yelp yana da `--rewrite 15:3` don irin haka. Mai Tini sai ya koma ga `STOPSIGNAL` a Dockerfile. Ba ya kuma sake tayar da shirin da ya faɗi. Mai son haka s6 ko supervisord zai nema.

Fitowarsa ta 0.19.0 tun 2020 ce, kuma ban ɗauki daɗewar a matsayin aibi ba, tunda aikin ɗan kaɗan ne kuma ƙa'idar PID 1 ba ta sauya ba. Ga kwantena mai shiri ɗaya, musamman wadda ke yawan tayar da ƙananan ayyuka irin su Jenkins ko Chrome marar fuska, ina ba da shawararsa kai tsaye. Sai dai rufe haɗin rumbun bayanai da ƙarasa buƙatun da ke hannu kafin wa'adi ya cika, daƙiƙa 10 a Docker, 30 a Kubernetes, har yanzu aikin mai karɓar SIGTERM ne da kai za ka rubuta a cikin shirinka.