Trijicon RMR Type 2: ɗigo mai 3.25 ko mai 6.5?

Duk wanda zai ɗora madubin saiti mai jan ɗigo a kan ƙaramar bindiga, abu na farko da zai tsai da shawara a kansa shi ne girman ɗigon. Ana auna shi da MOA, wato kashi ɗaya cikin 60 na digiri, wanda yake rufe kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Kamfanin Trijicon yana fitar da wannan samfuri da ɗigo mai 1, da 3.25, da kuma 6.5, na kuwa gwada biyun ƙarshe a filin atisaye.

A nisan mita 25, mai 3.25 yana rufe kusan santimita 2.4, shi ya sa tsakiyar abin hari take fitowa sarai, amma duk wata rawar hannu sai ta bayyana, abin da kan sa sabon maharbi ya riƙa fizgar kunamar bindiga. Mai 6.5 yana rufe ninkin haka, sai dai ido yana cafke shi da sauri, kuma ba ya buƙatar a ƙure haskensa, wanda shi ne yake sa ɗigo ya bazu kamar tauraro a idon da ba ya gani daidai. Ni shi na zaɓa, domin harbina bai cika wuce mita 15 ba.

Aibin na'urar ɗaya ne: batirinta, CR2032, yana ƙarƙashinta, dole sai an kwance ta kafin a canza shi, sannan a sake duba saiti.