Sabbin na'urorin sanyi a zauren taron unguwarmu a Kumasi: inda ɗan kwangila ya burge da inda ya gaza

Aikin sanyaya zauren taro na majalisar gunduma da ke unguwarmu, a ɗaya daga cikin zangunan Kumasi, ya kammala ne gab da shigowar hunturun da ya wuce, kuma tun daga lokacin zauren ya karɓi bikin aure da walimar saukar Alƙur'ani da addu'ar arba'in da tarukan ƙungiyoyi, ya sha ƙurar Janairu da zafin Maris da ruwan Yuni. Saboda haka yanzu ana iya yi wa aikin hukunci da adalci, ba irin yabon ranar yanke zare ba. Ina cikin kwamitin masu amfani da zauren, wanda majalisa ta nemi ya riƙa sa ido yayin da ake aiki, kuma hukuncina shi ne kamfanin da aka bai wa kwangilar, wani kamfani ne na nan cikin gari, ya san sana'arsa ƙwarai ta fuskar ƙarfe da waya, amma bai yi tunani mai zurfi a kan mutanen da za su zauna da na'urorin bayan ma'aikatansa sun kwashe tsaninsu ba.

Abin da ya fara ɗaga darajar kamfanin a idona shi ne bai fara da sayo na'ura ba. Tsohon zauren rufin kwano ne da silin na falankin katako wanda ruwa ya riga ya cinye, tagoginsa kuma irin masu fallayen gilashin nan ne da ake karkatawa, waɗanda ko an rufe su iska tana ratsawa ta kowace kafa. Akwai tsofaffin iyakwandishan guda huɗu a bango, biyu sun mutu, biyu suna gurnani ba sanyi. Mutane da yawa a kwamiti, musamman matasa, so suke a cire waɗannan a liƙa sabbi kafin Babbar Salla. Injiniyan kamfanin ya ƙi, ya ce sanyaya ɗaki mai irin wannan rufi da irin waɗannan tagogi zuba ruwa ne a kwando. Sai da aka sauke silin ɗin baki ɗaya, aka shimfiɗa abin tare zafi a ƙarƙashin kwanon, aka buɗe ƙofofin shan iska a ƙusurwoyin rufin domin zafin da ke taruwa a can sama ya sami mafita, sannan aka musanya tagogin da na gilashi mai zamewa, aka sa rumfa a gefen yamma inda ranar la'asar ke dukan bango. Wannan ya ci kusan rabin lokacin aikin, ya jawo wa kamfanin gunaguni ba kaɗan ba, amma tun kafin a kunna na'ura ko ɗaya duk wanda ya shiga zauren da azahar ya ji bambanci a jikinsa.

Lissafin girman na'urorin ma an yi shi a gabanmu, kuma ya kamata duk mai shirin irin wannan aiki ya san shi. Jikin mutum ɗaya da ke zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Zauren da ya ɗauki mutum 300 yana da zafin kilowat 30 daga jikin jama'a kaɗai, wato sama da BTU 100,000 a kowace awa (BTU shi ne ma'aunin zafi da ake auna ƙarfin iyakwandishan da shi), tun ba a zo maganar rana da fitilu da lasifika da tukwanen abincin da ake shigowa da su ba. Na'urar bango da masu shago ke kira mai doki biyu da rabi ba ta wuce BTU 24,000 ba, don haka guda huɗun da muke da su a da, ko da sababbi ne fil, zafin jikin mutane kawai za su iya kokawa da shi. Kamfanin ya kafa manya guda 6 masu tsayuwa a ƙasa, masu doki biyar-biyar, irin masu inbata, waɗanda injinsu ke rage gudu idan ɗaki ya yi sanyi maimakon ya riƙa mutuwa yana tashi. Ya kuma bar fankokin sama, ya ƙara wasu, abin da wasu suka ɗauka rowa ce. Ba rowa ba ce. Fanka ɗaya ba ta cin abin da ya wuce wat 70 zuwa 80, kuma idan tana juya iska, ajiye iyakwandishan a digiri 24 ko 25 ya wadatar da mutum sanye da babbar riga.

Ta fuskar ingancin kaya ba ni da ƙorafi. Kowace na'ura ta zo da takardar taurari ta Hukumar Makamashi ta Ghana, mai nuna ingancin na'ura wajen tsimin wuta, wadda doka ta wajabta wa irin waɗannan kaya tun 2005, kuma injiniyan bai yarda a ɓare takardun ba sai da kwamiti ya duba. Wani daga cikinmu ya kawo shawarar a sayi na hannu daga masu shigo da kayan Turai domin a rage kuɗi, aka tuna masa cewa dokar 2008 ta haramta shigo da tsofaffin firiji da iyakwandishan ƙasar nan, balle a ce ginin hukuma ne zai saye su. Tsofaffin namu suna aiki ne da gas ɗin R22, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa ake janye shi daga duniya saboda illarsa ga sararin samaniya, kuma ƙasashe irin Ghana za su rabu da shi kusan kwata-kwata zuwa 2030. Na lura cewa ma'aikatan sun zuƙe gas ɗin cikin tulu kafin su kwance bututun, ba su sake shi a iska ba kamar yadda masu gyaran bakin titi suka saba.

Takardar kwangilar ta ƙunshi har da dumama zauren, ga alama an kwafo ta ne daga wani tsari na ƙasashen sanyi. A Kumasi babu mai neman a dumama masa ɗaki, ko da a tsakiyar hunturu. Kamfanin da kansa ya rubuta wa majalisa cewa a soke wannan, a mayar da kuɗin kan tankin dumama ruwa mai aiki da hasken rana a wurin alwala. Dattawan da ke zuwa karatun asuba a watan Disamba da Janairu su ne suka fi kowa sa wa wannan shawara albarka, kuma ɗan kwangilar da ke son cin kuɗi da ya yi shiru ya sayo abin da aka rubuta.

Daga nan yabo ya fara raguwa. Babban aibin aikin shi ne iskar numfashi. Irin waɗannan na'urori ba sa jawo iska daga waje, iskar cikin ɗaki suke sanyayawa su mayar, kuma tun da an toshe duk kafofin da tsofaffin tagogi ke bari, zauren ya zama rufaffe ruf. An sa fankokin zuƙe iska guda biyu kacal a bangon baya, ƙanana irin na ɗakin girki. A taron mutum 50 babu wanda zai lura. A ranar biki kuwa, idan zaure ya cika da mata da yara, ga turaren wuta, ga humra, ga tururin tuwo da miya, bayan kamar awa biyu iskar takan yi nauyi, mutane su fara hamma da ciwon kai alhali jikinsu a sanyaye yake. Abin da ake yi shi ne a buɗe ƙofofin gefe, kuma da zarar an buɗe, rumfa da silin da sabbin tagogi duk sun tashi a banza. Na yi wa injiniyan wannan magana, ya ce mini, “Malam, gaskiyarka, amma na'urar shigo da sabuwar iska ba ta cikin lissafin da aka ba mu.” Na yarda ba ta ciki. Sai dai wanda ya iya rubuta wasiƙa a soke dumama ɗaki ya iya rubuta ta biyu a kan wannan, domin shi ne masani, mu ba mu san za a shiga wannan hali ba sai da muka shiga.

Aibi na biyu shi ne inda aka dasa injinan waje. An jera su shida a bangon baya, an kewaye su da kejin ƙarfe saboda ɓarayin tagulla, wanda daidai ne. Amma wannan filin na baya shi ne inda mata ke kafa murhu su yi girkin biki tun da aka gina zauren, kuma babu wanda ya tambaye su. Yanzu injin shida suna huro iska mai zafi kai tsaye a bayan mai tuƙa tuwo, suna karkatar da harshen wuta, su kuma suna zuƙar hayaƙi da toka da maiƙo cikin haƙarƙarinsu. Na sa yatsa a ragar ɗaya daga cikinsu bayan wata walima, ya fito baƙi ƙirin da danƙo. Magajiyar matan unguwa ta tsayar da ni a bakin ƙofa ta ce, “Ɗana, ku da ke ciki kuna shan sanyi, mu aka juyo wa wutar.” Da an ɗaga injinan a kan ƙarfe sama da tsayin mutum, ko an kai su bangon arewa inda babu kowa kuma rana ba ta cika duka ba, da ba a yi wannan magana ba.

Akwai kuma bututun zubar da ruwa na na'urar da ke kusa da dandamali, wanda ba a ba shi gangara sosai ba. A lokacin rani bai nuna ba. Da damina ta sauka, laimar iskar Kumasi ta sa na'urorin suna tatso ruwa mai yawa, sai ya riƙa komowa yana malala a kan tayil daidai inda ake shimfiɗa wa malamai darduma. An kira su, sun zo cikin mako guda, sun fasa sun gyara ba su nemi ko pesuwa ba. Wannan na ƙidaya musu shi a alheri.

Abin da ya fi damuna shi ne miƙa aiki. Mai gadin zauren, wanda muke kira Baba, dattijo ne, ya daɗe a wurin, Hausa da Turanci na baka yake ji, ba ya karatun boko. An damƙa masa rimot shida da littattafai shida na Turanci, aka yi masa bayani na ɗan lokaci a tsaye, shi ke nan. Ba a nuna masa yadda ake zare ragar tace ƙura a wanke ba, alhali a hunturu ƙurar da ke saukowa daga arewa takan toshe ta cikin makonni kaɗan, sanyi ya ragu, cin wuta ya ƙaru. Ba a gaya masa cewa sauke ma'auni zuwa 16 ba ya sa ɗaki saurin sanyi ba, sai dai ya hana injin hutawa, don haka duk mai biki da ya matsa masa sai ya danna har ƙasa. Wata rana na tarar da na'ura ɗaya tana hura iska ba sanyi, ashe wani yaro ne ya taɓa maɓallin da ke mayar da ita fanka, kuma Baba ya kwana biyu yana zaton ta lalace, yana tsoron a ce shi ya ɓata kayan gwamnati. Takarda guda mai hotuna a manne a bango, da awa ɗaya ta koyarwa da Hausa, sun isa su kawar da duk wannan, ga shi kuwa cikin ma'aikatan kamfanin akwai yaran zango biyu da Hausa ce harshensu.

Maganar kuɗin wuta kuwa, kamfanin ya faɗi gaskiya amma a makare. Kowace na'ura tana jan kusan kilowat 5 idan tana aiki da ƙarfinta, don haka sai da aka nemi layi mai fes uku, irin mai ɗaukar manyan na'urori, daga ECG, kamfanin wutar lantarki na Ghana, aka sauya wayoyin zauren gaba ɗaya, kuma aikin wayar tsaf yake, kowace na'ura da makashinta da abin kare ta idan wuta ta yi rauni ko ta dawo da ƙarfi. Amma bikin awa biyar a cike zai iya cinye sama da yunit 100 a mita mai kati, kuma ba a kawo wannan lissafi gaban kwamiti ba sai da aiki ya kusa ƙarewa. Dole kuɗin hayar zauren ya tashi, har ƙananan ƙungiyoyi da makarantun Islamiyya suka fara komawa kafa rumfa a titi. Daga baya aka raba haya gida biyu, ta fanka da ta iyakwandishan, kuma saboda gyaran rufin nan, ta fankar ma ba ta da laifi ko kaɗan in ba a Fabrairu da Maris ba. Tsohon janaretan zauren fitilu da fankoki da lasifika kawai yake iya ɗauka. Duk wanda ya rayu a shekarun dumsor, wato na yawan ɗauke wuta a Ghana, musamman 2015, ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce, ko da yake ba zan ɗora wa kamfanin laifin ba tun da janareta ba ya cikin kwangilarsa.

Idan shugabannin wata unguwa, a Aboabo ne ko Tafo ko Ayigya, suka tambaye ni ko su yarda da irin wannan kamfani, zan ce su yarda, amma su sa a rubuta abubuwan da mu ba mu sa ba: hanyar shigo da sabuwar iska gwargwadon cikar zaure, zama da matan da ke girki kafin a huda bango, koyar da mai gadi da harshen da yake ji, da yarjejeniyar zuwa wanke na'urori aƙalla kafin hunturu da bayansa. Mu dai kwamitinmu ya rubuta wa majalisa cewa kada a saki ragowar kuɗin da ake riƙewa na wa'adin garanti sai an ɗaga injinan baya an kuma ƙara manyan fankokin zuƙe iska, kamfanin ya amsa cewa zai yi na farkon da kuɗinsa, na biyun kuma yana jiran a amince da ƙarin lissafi. Kafin nan, mai kama zauren domin biki ya roƙi Baba ya kunna na'urori kamar rabin awa kafin baƙi su iso, ya bar su a 24 tare da fankoki, a kuma ajiye kaskon turare a waje.