Kawu, a bar kilishin nan a Kaduna

Assalamu alaikum Kawu. Ina fata kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida. Saƙonku ya iso cewa biza ta fito, kuma Inna har ta fara haɗa tsaraba: kilishi, dambun nama, man shanu da zuma. Allah ya saka da alheri. Amma kafin a ɗaure jaka, ku ji yadda dokar Birtaniya take.

Matafiyin da ya taso daga Najeriya ba ya shigowa da nama ko wani abu na madara, ɗanye ne, soyayye ne ko busasshe. Kilishi, dambu, ganda, suyar naman layya, man shanu, cuku, duk hukuncinsu ɗaya, ko da an like su a leda an buga musu tambarin kamfani. Kifi kuwa an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, banda ko busasshe. Zuma kilo 2. Kuka, daddawa, yaji da busasshiyar kuɓewa ba kayan dabba ba ne, wannan doka ba ta hau kansu ba.

A filin jirgi, bayan an ɗauki kaya, akwai ƙofa mai launin kore da mai ja. Wanda ya bi ja ya faɗi abin da yake ɗauke da shi, karɓewa za a yi a lalata, ya wuce abinsa. Wanda ya ɓoye aka kama shi, a Ingila tararsa tana iya kai fam 5,000, ko ma a kai shi kotu. A nan babu "Oga a taimaka".

Na sha jin 'yan'uwanmu suna cewa raini ne kawai ake wa abincin baƙar fata. Ni ban ga haka ba. A 2001 cutar ƙafa da baki ta ɓarke a ƙasar nan, ta faro daga wata gonar aladu a arewacin Ingila inda ake ba su ragowar abinci ba tare da an dafa ba. Dabbobi sama da miliyan 6 aka kashe, aka riƙa tara gawarwakinsu ana cinna musu wuta, har zaɓen ƙasa sai da aka ɗaga. Ƙwayar cutar tana iya zama a cikin nama ko madara, shanya da gishiri ba lallai su kashe ta ba. Shi ya sa a Afrilun 2025, da cutar ta ɓulla a Jamus da wasu ƙasashen Turai, suka hana shigowa da nama da cuku har daga Faransa, maƙwabciyarsu. Ku da kuka ga abin da cutar bushiya ta yi wa garkunan Fulani a 1983, ba sai na yi muku dogon bayani ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda suke bin sawun dabba. Kowace saniya tana da lamba a kunnuwa biyu da fasfo nata, duk gonar da ta koma sai an rubuta. Ku tuna kasuwar Zango ta Tudun Wada: tirela ta sauke shanu da asuba, dillali ya ce daga Yobe suke ko daga Chadi, kai dai ka duba ido da haƙora ka taya. Sai dai tsarin nasu ya zo mana da nasa takaici. Layya ba a yanka a ƙofar gida. Kuɗi za ka ba mahauci, a yanka a mayankar da ke da lasisi, naman ya zo maka a kwali, babu fata, babu hayaniyar yara, babu babbakar kai. Naman halal kam ga shi nan a kowace unguwar Musulmi, mai tsafta, amma tsiren nan bai kama ƙafar na Kaduna ba. Akwai masu yin kilishi a Landan, a murhun lantarki suke busar da shi, ranar ma ina take?

Sai maganar kyanwar da yara suka baro a wurinku, wadda suke ta naci a taho da ita. Na bincika. Da farko za a saka mata 'yar na'ura ƙarƙashin fata, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, mai ɗauke da lambarta. Bayan nan allurar rigakafin ciwon haukan kare. In an kwana 30 a ɗebi jininta a aika ɗakin gwajin da suka amince da shi, sannan a jira wata 3 daga ranar ɗibar jinin. Sai takardar lafiya daga likitan dabbobi na gwamnati, kuma ba a kujera za ta zo kusa da ku ba, a ɓangaren kaya za a sa ta. In aka tsallake mataki ɗaya, killace ta za a yi har wata 4, kuɗin daga aljihunmu. Kare ma haka, da ƙarin maganin tsutsar ciki kwana 1 zuwa 5 kafin isowa.

Ko ta iso, hidima ta fara ke nan. Mutum ana duba shi kyauta a asibitin gwamnati, dabba kuwa babu wannan gata. Ganin likita kaɗai kuɗi ne kafin a zo ga magani, har mutane na biya wa kyanwa inshora duk wata. A gida kuwa waya ɗaya za a yi wa likitan dabbobi ya zo a babur, ya yi wa rago allura, a sallame shi da abin da ya sawwaƙa. Na gaya wa yara kyanwa ta zauna inda take, a riƙa turo musu hotonta.

Don haka a rage kilishin a raba wa maƙwabta, a ƙara kifi. Na tarwaɗa nake so, wanda ya bushe ƙamas, a naɗe shi a takarda kafin a sa a leda don kada ya yi gumi a hanya. Zumar kuma a zuba ta a robar da murfinta ke rufuwa sosai, a sa a babbar jaka, ba ta hannu ba.

A gaida Inna da kyau. Allah ya kawo ku lafiya.